Man kittan, ƙwayarsa, ko namu na gida: wanne ya dace da madafar Maraɗi?

Ƙanena da ke aiki a Yamai ne ya aiko da ita ta hannun direba. Wata ƴar kwalbar man kittan ce baƙa, ba ta kai ta lemo ba, an naɗe ta da jarida kamar ƙwai. Ya ce a riƙa ba Baba, wai an ce yana taimakon masu tansiyo. Ina wurin aiki aka kawo. Kafin in dawo Inna ta riga ta buɗe, ta tsiyaya a kasko za ta soya wa Baba ƙwai. Kasko bai gama ɗaukar zafi ba hayaƙi ya turnuƙe, tsakar gida ta gume da wani wari, rabi ƙarnin kifi rabi shagon kafinta. Na tarar da ita a tsugunne tana kankare kaskon da toka.

"Ke zo nan," ta ce. "Abin nan da ɗan'uwanki ya aiko, mai ne ko fenti?"

Na ce, "Inna, ai ba a ɗora shi a wuta."

"To man da ba ya hawa wuta, uban mi za a yi da shi?"

Inna ta haura shekara 30 tana matsar man gyaɗa a Mokoyo, kuma hancinta bai yi mata ƙarya ba. Man nan da shi ake haɗa fenti tun ɗaruruwan shekaru, da shi kafintoci ke shafe katako. Tambayarta ta biyu ce ta fi nauyi, ita ce kuma duk mai riƙe da kuɗinsa a gaban kantar farmasi ko shagon magungunan Musulunci ya kamata ya yi wa kansa kafin ya miƙa.

Kittan tsiro ne na ƙasashe masu sanyi, wanda ake saƙa yadin lilin da zarensa. Ƙwayarsa ta ɗan fi riɗi girma, launin ƙasa-ƙasa, mai sheƙi da santsi. A kwalbar da ta fito daga ƙasashen Faransanci za ka ga an rubuta huile de lin, masu shagunan magungunan Musulunci kuma suna ce wa man zaitul kattan, ƙwayar kuma bizrul kattan. Kazakistan da Rasha da Kanada ne manyan masu noma shi. A Afirka Habasha ce ta yi fice, can kan tsaunuka inda akwai sanyi, suna kiransa talba, suna soya ƙwayar sama-sama su daka su dama su sha. Misirawa suna ce wa man "zait har", suna zuba shi a kan dafaffen wake na karin kumallo. A gabashin Jamus kuma dafaffen dankali da cuku mai laushi ake ci da shi. Ka lura da abu ɗaya: a Misira da Jamus zuba man ake yi a kan abincin da ya riga ya sauka daga murhu.

Matsin sanyi da ake rubutawa a jikin kwalba shi ne bambanci na farko tsakaninsa da namu. Mu gyaɗa sai an soya ta, a murje, a kai inji, a dawo ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya har tunkuza ta saki mai. Wutar ce ma ke ba shi ƙamshin nan da ake ji tun daga bakin zaure. Shi kuwa kittan ɗanye ake dannawa a inji a hankali, masu yi da kyau suna kula kada zafin ya wuce digiri 40 zuwa 50. Abin dariya shi ne, a watan Afrilu inuwar Maraɗi kanta tana haura digiri 40. Zafin da masana'anta ke gudu, shi ne kwalbar za ta kwana ta wuni a ciki in an ajiye ta kan kanta a babbar kasuwa.

Me ya sa ake wannan lallaɓawa? Saboda abin da ake saye dominsa shi ne kuma rauninsa. Fiye da rabin man kittan wani nau'in kitse ne na dangin omega 3 da ake kira ALA, wanda jiki ke bukata amma ba ya iya ƙera shi da kansa, dole sai ta abinci. Babu man girki da aka saba gani da ya kama ƙafarsa a nan. Man gyaɗa kusan babu ALA a cikinsa. Man riɗi da manja da man zaitun duk ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Man waken suya ne ya ɗan taɓuka, yana da kamar kashi 7. Masana abinci a Amurka sun ƙiyasta namiji baligi yana bukatar giram 1.6 a rana, mace giram 1.1, a Turai kuma an yarda a rubuta a jikin kaya cewa giram 2 na ALA a rana yana taimakawa wajen riƙe kolestarol daidai. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na man kittan ya ɗan haura giram 2. Ke nan ba abin kwarara ba ne kamar yadda muke yi wa garau-garau, cokalin shayi guda ya biya bukatar yini.

Sai dai kitsen nan ba ya shiri da iska, da haske, da zafi. In an kwatanta da gida, kitsen da ya fi yawa a man gyaɗa da man zaitun ƙofa ɗaya gare shi da iska za ta iya shiga ta ɓata shi. ALA ƙofa uku gare shi, duk a buɗe. Shi ya sa in an shafa man kittan a katako yake shan iska ya daskare ya zama fata, abin da masu fenti ke so ke nan. A cikin kwalbar abinci kuwa wannan daskarewar ita ce lalacewa. Wajen digiri 107 yake fara hayaƙi, alhali suyar ƙosai tana son 170 zuwa 180, tataccen man gyaɗa na masana'anta kuma yana jurewa har wajen 230. Inna ba ta yi kuskuren girki ba, kayan ne ba na kasko ba.

Faransa ta daɗe ba ta yarda a sayar da shi a matsayin abinci ba saboda wannan saurin lalacewa. Da ta buɗe ƙofa a 2010, sai ta gindaya sharuɗɗa: kwalba wadda haske ba ya ratsawa, kada ta wuce mililita 250, wa'adinta kada ya wuce wata 9, a rubuta cewa ba a ɗora shi a wuta, a sa a firigo bayan an buɗe, a shanye cikin wata 3, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba. Wannan fa ƙasa ce da kuran ba ya yawan ɗaukewa, kuma sanyi ya fi zafi tsawo. Mu nan kwalbar sai ta sauka tashar jirgin ruwa, ta hau babbar mota, ta yi kwanaki ko makonni tana gasuwa a hanya, ko ta biyo ta Kano da Katsina ta shigo ta Ɗan Isa, sannan ta zauna a shago tana jiran mai saye. Na taɓa ganin wani shago da ya jera irinsa a farar kwalbar roba, a bakin taga, rana na dukanta. Na ce, "Malam, wannan ai firigo yake so." Ya ce, "Hajiya, mai ai ba ya lalacewa." Ban ja da shi ba, na sayi zumata na fito.

Yadda ake gane mai kyau ba ya bukatar ilimin boko. Launinsa rawaya ne mai haske kamar zinariya, ɗanɗanonsa laushi, da ɗan gardi. Ɗan ɗaci kaɗan yakan fara fitowa ko da bai lalace ba, in ya kwana biyu a buɗe. Amma in ka ji yana maƙaƙi a maƙogwaro, ko warin fenti ya bugi hancinka, ko bakin murfin ya yi danƙo kamar ƙaro, ya tashi daga abinci. Kada a ce ai an kashe kuɗi, a daure a shanye. Abin da aka saya dominsa ya riga ya tafi.

To a ajiye shi gefen man gyaɗa. A gaskiya ba kishiyoyi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Garin nan da gyaɗa ya ginu. Alhazan Maraɗi na farko da ita suka yi arziki, ƙasa ta kafa SONARA a 1962 don cinikinta, kafin farin 1973 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 su karya kasuwar. Har yau kuwa man gyaɗa ne ke riƙe da ƙosai da waina da suyar nama da miya, yana wata da watanni a bido ba firigo, kitsensa kuma mafi yawa irin wanda ba ya cutar da zuciya ne in ba a wuce gona da iri ba. Aibinsa biyu ne. Ba shi da omega 3, sannan in an matse shi daga gyaɗar da ta yi funfuna yana iya ɗauko gubar aflatoksin mai lahani ga hanta. Tacewar masana'anta tana kawar da mafi yawanta, na gida kuwa ya dogara ga hannun mai yi. Inna a faifai take tsince baƙaƙen ƙwayoyi da waɗanda suka yamutse, ɗaya bayan ɗaya, har muna yara muna ganin ɓata lokaci ne. Ka sayi mai wurin macen da ka san tana tsincewa.

Man riɗi ya fi kowa haƙuri da yanayinmu. Yana ɗauke da sinadaran da ke kare shi daga lalacewa, shi ya sa yake daɗewa, kuma ana noma riɗin a jiharmu. Man aya, wadda ba inda ya kai yankin Maraɗi nomanta a Nijar, kitsensa ya yi kama da na zaitun, kuma abin takaici ne a ce muna loda aya a buhu ana fita da ita sannan mu sayi man zaitun na waje da tsada. Duk su biyun sun fi man kittan daɗin zama a madafa. Ba ɗayansu da zai ba ka abin da shi yake bayarwa. Manja da man bido na kanti ba su shiga wannan gasa ba ma, nasu amfanin daban ne.

Abokan gasarsa na gaskiya biyu ne, kuma ba a layin mai suke ba.

Na farko kifi. Omega 3 suna ne na dangi, kuma kama da wane ba ta wane. Irin da zuciya da ƙwaƙwalwa da ido ke amfani da shi kai tsaye su ne EPA da DHA, waɗanda ke cikin kifin teku mai kitse. ALA sai jiki ya juya shi tukuna, kuma jiki ba gwani ba ne a wannan aiki: ɗan kaɗan ne ke komawa EPA, wanda ke komawa DHA kuwa bai taka kara ya karya ba, ko da yake jikin mata ya ɗan fi na maza iyawa. Giram 100 na sardin ɗin gwangwani yana ɗauke da kusan giram guda na EPA da DHA a haɗe, ba ya son firigo kafin a buɗe, kuma kowane butik na unguwa yana da shi. Kifin ƙanƙara mai zane a baya, wanda ake ce wa taitus, shi ma haka. Tarwaɗa da karfasar Madarunfa abinci ne mai kyau, amma ba su kai na teku wannan kitse ba. Mai tansiyo dai ya tsiyaye ruwan gwangwanin, ya rage gishiri da magi a sauran girkin. Wanda ke cin irin wannan kifi sau biyu a mako, ban ga abin da zai kai shi neman kwalbar kittan ba.

Na biyu kuwa ita ce ƙwayar kittan kanta, kuma a nan ne hankalina ya tsaya. Ɓawon ƙwaya ya fi kowace kwalba iya tsare mai. In an zuba ta a gwangwani mai murfi aka ajiye a ɗaki mai inuwa, tana watanni ba abin da ya same ta, ko an ɗauke kuran ko an kawo. Babban cokali ɗaya na garinta yana ba da kamar giram 1.6 na ALA, daidai bukatar namiji ta yini. Sannan tana da abubuwa biyu da matsi ke bari a baya cikin tunkuza: dusa mai gyara ciki, da wasu sinadarai da ake kira lignan. Jiƙa ta a ruwa ka gani, za ta yi yauƙi kamar karkashi, wannan yauƙin ne ke sassauta wa mai taurin bayan gida. Man ba shi da ko ɗaya.

Batun tansiyo da ya sa ƙanena ya kashe kuɗinsa ma, binciken da aka fi ambato da ƙwaya aka yi shi, ba da mai ba. A garin Winifeg na Kanada ne, aka wallafa a 2013: mutum 110 masu ciwon toshewar jijiyoyin ƙafa, aka riƙa ba wani kashi giram 30 na garin kittan kullum cikin abinci har wata 6, awon jininsu na sama ya sauka da kamar 10, na ƙasa da kamar 7, in an kwatanta da waɗanda ba a ba ba. Giram 30 ba kaɗan ba ne, wajen babban cokali huɗu ke nan. Kuma mutanen nan ba su daina shan maganinsu ba, ƙari aka yi musu. Na faɗi wannan ne saboda na san halinmu, da an ji abu na da amfani sai a tura ƙwayoyin likita ƙarƙashin katifa. Baba yana shan nasa kowace safiya, kuma sai da muka gaya wa likitansa kafin mu fara.

Ita ma ƙwayar tana da nata wahalar. In aka haɗiye ta ɗungum, yadda ta shiga haka take fita, dole sai an daka. Dakan kuwa gwajin haƙuri ne: santsi gare ta, taɓarya na sauka tana tsalle tana barin turmi, sai ka ga kaji sun taru. Inna ce ta gano dabarar, ta ɗan ɗumama ta a kasko busasshe kamar yadda ake yi wa riɗi, ba har ta yi duhu ba, sannan ta daka kaɗan-kaɗan a ƙaramin turmin yaji tana rufe bakinsa da tafin hannu. Mai ƙaramin injin niƙa na lantarki ya huta. Da zarar an daka, kariyar ɓawo ta tafi, don haka na kwana biyu ko uku muke yi, ba na wata ba. A fara da cokali ɗaya, a sha ruwa sosai, in ba haka ba ciki ya kumbura.

Wajen ci, garin ya fi man sauƙin ɓoyewa. Yana shigewa cikin fura da nono ba a sani ba, yana shiga kunu in ya huce, yana shiga kwaɗon zogale tare da ƙuli-ƙuli. Man kuma, ga wanda ya same shi da kyau, ya fi dacewa da salati, da kwaɗon rama ko zogale, da dambu bayan an sauke, da ɗanwake in an bar tururin ya lafa. A garau-garau a soya albasa da man gyaɗa yadda aka saba, a zuba, sannan mai bukata ya ɗiga cokalinsa na kittan a nasa kwanon. Yaji da ƙuli suna danne ɗan ɗacin. Kada dai a manta mai mai ne: babban cokali na kittan da na gyaɗa duk kalori 120 ne ko kusa, ba wanda ke rage ƙiba don an ƙara shi a kan abin da ake ci.

Wa ya kamata ya sayi kwalbar ke nan? Wanda ke da firigo mai aiki ba dare ba rana, misali mai sola, wanda ya sami baƙar kwalba ƙarama mai kwanan wata a jiki a wurin da aka ajiye ta cikin sanyi, wanda ba ya cin kifi, ko tsoho marar haƙori da cikinsa ba ya ɗaukar dusa. Kwalbar mililita 250 cokalin shayi 50 ce, za ta kai mutum ɗaya kusan wata biyu, mutum biyu kuma su gama da ita kafin ta fara tunanin lalacewa. In za a gwada, a gwada da sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ba da bazara ba. Wanda ba shi da waɗannan, ya nemi ƙwaya. Wanda ƙwayar ma ta yi masa tsada ko nisa, ga sardin, ga awara, tunda waken suya na da nasa rabon na ALA. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, da mai ciki, da mai shayarwa, su tambayi likita kafin su mayar da shi abin kullum, ko mai ko gari.

Akwai masu sayensa don gashi da fata. A zafinmu yini ɗaya ya isa ya fara wari a ka, kuma yana ɓata kallabi. Man kaɗanya bai gaza ba.

Wanda ake sayarwa a shagon kayan gini da sunan huile de lin, musamman wanda aka ce dafaffe ne, ba abinci ba ne ko kusa. Ana zuba masa sinadaran ƙarfe don ya yi saurin bushewa. Sunan ɗaya ne, araharsa kuma na iya ruɗar mutum, kada ko ɗigo ya shiga baki.

Kwalbar ƙanena ba ta kai sati uku ba. Cikin Mayu ne, kuran na zuwa yana tafiya, firigonmu ya koma kabad. Ranar da na buɗe na ji maƙaƙi, na ce a zubar. Inna ta ce ba a zubar da abin da aka sayo da kuɗi a gidanta. Ta samo tsumma ta shafe ƙotar fartanyar Baba, da kujerarta ƴar tsugunno, da ƙyauren ɗakin girki da rana ta cinye. Kwana uku suna danƙo, a na huɗu katakon ya yi duhu yana sheƙi. Na hana ta dunƙule tsumman ta cusa a lungu, domin tsumman da ya sha man kittan yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, sai muka shanya shi a kan igiya ya bushe ƙarau. Da ƙanena ya bugo waya yana tambayar ko a ƙaro wata, Inna ta karɓe wayar daga hannuna.

"Ka aiko da ƙwayar, rabin tiya ta isa," ta ce. "In kuma man ne ya fi maka sauƙi, ƙofar zaure ma tana so."